Neman kalma: me za mu kira "rolling resistance" da Hausa?

Mai tambaya:
Salam 'yan'uwa, ina neman taimakon masu Hausa a baki. Yayana ne yake da a-kori-kura irin mai aiki da lantarkin nan, babu inji babu tankin mai sai batir, to tayoyin da ta zo da su sun suɗe da wuri fiye da yadda ya saba gani a tsohuwar motarsa, sai ya je ya sa mata wasu manya masu kaushin zane irin na shiga daji don kawai sun yi masa kyau a ido, tun daga ranar cajin da yake kai shi ya dawo da shi ya daina isa. Yanzu yana so ya sake canzawa, ya ce in karanta bayanan in rubuto masa da Hausa don shi Turanci bai dame shi ba. Komai yana tafiya daidai sai da na zo kan "rolling resistance" na tsaya cak. Na sa a manhajar fassara ta ba ni "juriyar birgima". Ni dai raina bai kwanta ba wallahi.

Tsohon direba:
Juriyar birgima kuma? Hahaha taya ce ko jaki? Birgima ai a ƙasa ake yinta, yaro in an hana shi abu ko jaki in an sauke masa kaya. Motar da ta kai ga birgima sai dai a ce Allah ya kiyaye gaba.

Malamar Hausa:
Ni ba birgimar ce ta fi damuna ba Baba, juriyar ce. Juriya abin yabo ce a bakin Bahaushe, wane yana da juriya, takalmin nan yana da juriya. In ka rubuta wa yayanka cewa ya nemi taya mai ƙarancin juriya zai ce ka zautu, wa zai ɗauki kuɗinsa ya sayi abin da aka ce masa ba ya jurewa? Zai je ya ce a ba shi wadda ta fi kowacce juriya, ya koma ramin da ya fito. Kalmar da za mu zaɓa dole da jinta mutum ya san abu ne da ake so ya ragu. Amma kafin nan wani ya bayyana mana mene ne abin takamaimai, kada mu raɗa suna ba mu ga jaririn ba.

Ɗalibin injiniya:
Bari in gwada Anti. Ku dubi taya a ƙarƙashin mota tana tsaye, ba zagaye take cif ba, wajen da ta taɓa ƙasa ya ɗan baje, faɗinsa kamar tafin hannu ko ya ɗan ɗara. Da mota ta fara tafiya kowane ɓangare na robar sai ya zo wajen nan ya lotse sannan ya miƙe, ya zagayo ya sake lotsewa ya miƙe, a gudun kilomita 100 a awa babbar taya irin ta a-kori-kura tana yin haka sama da sau 600 a minti ɗaya. Halin roba kuma ba ta mayar da duk ƙarfin da aka sa aka lotsa ta, tana riƙe wani abu ta mai da shi zafi. Shi ya sa in ka yi doguwar tafiya ka ɗora hannu a kan taya za ka ji ta da ɗumi, to ɗumin nan cajinka ne yake bin iska.

A lissafi abin yana kai wajen kashi 1 cikin 100 na nauyin motar. Mota mai tan 3 kenan kamar an ɗaura mata igiya ta baya wani yana ja da ƙarfin kilo 30, tun daga tashi har sauka ba ya saki. Kuma motocin nan ba ƙananan kaya ba ne, Ford F-150 Lightning da aka fara ƙerawa a 2022 tana wajen tan 3, Rivian R1T ta ɗan haura haka, GMC Hummer EV kuwa ta wuce tan 4, batirinta kaɗai ya fi kilo 1,300, nauyin wata ƙaramar motar guda kenan. Injin fetur dama mafi yawan man da yake sha zafi yake zama ya fice ta salansa da lagireto, sai ɓarnar taya ta ɓuya a cikin babbar ɓarna ba a cika lura ba. Motar lantarki ba ta da wannan babbar ɓarnar, shi ya sa ta taya take fitowa fili, kana canza taya za ka gani a allon caji.

Wani mai bibiya:
To ai wannan gogayya ce kawai, gogayyar taya da kwalta. Me ya sa muke wahalar da kanmu?

Ɗalibin injiniya:
A'a Malam, nan ne mutane da yawa suke zamewa. Tayar da take tafiya daidai ba goga ƙasa take yi ba, takawa take ta ɗaga kamar tafin ƙafa, sai an danne birki da ƙarfi ta ja ƙasa sannan ake gogayya ta gaske. Kuma kama ƙasa abu ne da muke SO, shi ne yake tsayar da motar tan 3 a kan jiƙaƙƙiyar hanya. In muka ce gogayya muka kuma ce a rage ta, mun ce wa mutum ya sayi taya mai santsi kenan. Abin da muke magana a kai a cikin naman robar yake faruwa. Dubi ƙafar jirgin ƙasa, ƙarfe a kan ƙarfe, kusan ba ta lotsewa sam, shi ya sa kai ɗaya yake jan taragu rututu.

Hujja ma ga ta a takardar da Tarayyar Turai ta wajabta a manna wa taya tun 2012, aka sabunta ta a 2021, gida daban aka ware wa wannan abin namu daga A zuwa E, gida daban na riƙon jiƙaƙƙiyar hanya, gida daban na ƙara. A tayoyin ƙananan motoci A tana nufin kilo 6.5 ko ƙasa da haka a kowane tan, E kuma daga 10.6 zuwa sama. Da can in ka rage wannan abin namu sai riƙon hanya ya lalace, har sai da kamfanin taya na Michelin suka fito da taya mai sinadarin silika a cikin robar a 1992, shi ya sassauta rikicin. Ya sassauta na ce, bai kashe shi ba.

Mai faci:
Ni dai a bakin aiki in mutum ya zo ce masa zan yi Oga wannan tayar tana cin caji, waccan ba ta ci. Kowa zai gane, ba sai an kira malamai ba.

Malamar Hausa:
Za a gane kam, kuma a baki ba ni da ja. Amma cin caji sakamako ne, ba shi ne abin ba. Na'urar sanyaya mota ma tana cin caji, gudu ma yana ci, lodi ma yana ci. Sannan motar fetur ita ma tana da wannan matsalar alhali ba ta san caji ba, ka ga sai mun sake neman wata kalmar saboda ita. Na yi tunanin dabaibayi, amma dabaibayi wani ne yake sa wa dabba daga waje, wannan kuwa daga jikin tayar yake.

Tsohon direba:
To ku tsaya ni ma in jefa tawa. Tun da yaron nan ya ce kamar ana jan mota baya da igiya na tuna rago. Ka sa masa igiya kana ja, yana bin ka dai amma ya kafe ƙafafu, kowane taku sai ka sa ƙarfi. Me muke cewa? Ya turje. Turjiya. Ba wanda aka taɓa yabo da turjiya, in aka ce maka ga mai turjiya da yawa ga mai kaɗan ka san wanda za ka ɗauka ko ba ka je makaranta ba.

Malamar Hausa:
Baba ka gama magana! Turjiya ta cika sharaɗin, abin ƙi ce, daga jikin mai yinta take fitowa, kuma ba ta nufin tsayawa gaba ɗaya, ana tafiya ana turjewa. Saura rabin farko. Birgima mun kore ta. Mirginawa ta gefe ce, kamar mai barci ya mirgina. Gangarawa sai da gangare, mu kuwa ko a miƙaƙƙiyar hanya abin yana nan. Juyawa ta yi faɗi, fanka ma juyawa take ba ta taɓa ƙasa ba. Wadda ta dace ita ce gara, kamar yadda ake gara taya ko a gara ƙwallo. Turjiyar garawa kenan in ana son cikakken suna.

Wani mai bibiya:
Turjiyar garawa ta yi nauyi a harshe gaskiya, ra ra ra kamar ana koyon karatu. Ba za ta shiga bakin mutane ba, mu bar shi rolin rezistans kawai kamar yadda muka bar birki da giya da totur.

Mai tambaya:
Birki ai gaɓa biyu ce kuma kana iya nuna shi da yatsa. Rolin rezistans in na rubuta wa Yaya sai ya kira ni ya ce mene ne kuma wannan, na koma gidan jiya. Me zai hana mu ce turjiyar taya? Taya dai ba ta da wani aiki sai garawa, ba sai an faɗa ba.

Ɗalibin injiniya:
Na yarda, kuma ta buɗe mana wata ƙofar ma. Ɗaya abin da yake jan mota baya iska ce, sai mu ce turjiyar iska. A tafiyar cikin gari turjiyar taya ce a gaba, in aka hau babbar hanya aka sake totur turjiyar iska take karɓe ragama. A littafin makaranta inda ake maganar ƙafar jirgi da sauransu sai a yi amfani da turjiyar garawa ta Anti.

Mai faci:
Toh malamai kun samu kalmarku, amma ƙanina kada ka je ka cika wa yayanka kunne da turjiya ya manta da abin da ya fi ta. Ka ce ya buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai 'yar takarda manne, ita ce ta faɗi girman taya da iskar da za a ba ta. A gefen tayar kuma zai ga rubutu kamar 275/60R20 116T. 275 faɗinta ne a milimita, 20 girman wili a inci, 116 ɗin nan ita ce lambar lodi, tana nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 1,250, in 110 ce kilo 1,060 ne kawai, ka ga bambancin in ka ninka sau huɗu. T kuma iyakar gudu, kilomita 190 a awa. Ko da wasa kada ya sauka ƙasa da lambar lodin da motar ta zo da ita, ko da girman ya zo ɗaya tayar ta shiga wilin lafiya lau. Zai ga wasu an rubuta XL, wato masu ɗaukar ƙarin lodi, wasu sababbi HL masu ɗaukar fiye da haka da aka fito da su a 2021 saboda irin waɗannan motoci masu nauyin batir. Masu LT kuwa, wato na ƙananan motocin ɗaukar kaya, suna da kauri da ɗaukar lodi amma sun fi nauyi, sau da yawa sun fi... turjiya, ka ji har ta shiga bakina.

Suɗewa da wuri kuma ba laifin taya kaɗai ba ne, motar lantarki kana taɓa totur take ba da ƙarfinta gaba ɗaya ba jiran giya, ga nauyi, in ƙafar mutum tana da zafi roba ce take biya. Ya riƙa juya tayoyin gaba da baya a kan lokaci, ya riƙa auna iska da safe kafin ta yi zafi, taya mai ƙarancin iska ta fi lotsewa. In zurfin zane ya sauka zuwa milimita 1.6 ta gama aiki. Ya duba lambobi huɗu na ƙarshen layin rubutun da ya fara da DOT a gefen tayar ma, 2324 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a 2024, kada a ba shi wadda ta tsufa a ajiye.

Wata mai irin motar:
Ku ƙara masa da ƙara. Tunda babu rurin inji, kukan taya shi kaɗai kake ji a cikin mota, masu kaushin zanen nan kuwa guuu suke yi har kai ya yi ciwo. Wasu tayoyin ana manna musu soso ta ciki don ya shanye ƙarar, Continental suna kiran nasu ContiSilent. Sai dai in ƙusa ta huda, mai gyara sai ya yanke soson wajen kafin ya yi faci, a gaya masa tun farko.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai jama'a. Ga abin da na tura masa: "Yaya, fara duba lambar lodi kada ta gaza ta asali. Sannan a cikin waɗanda suka cika wannan ka zaɓi mai ƙarancin turjiya amma mai riƙon jiƙaƙƙiyar hanya. Masu kaushin zanen da ka sa turjiyarsu ce ta yi yawa, ita ta rage maka zango, in ba daji kake shiga kullum ba ka haƙura da kyan ido." Ya karanta bai tambaye ni ma'anar turjiya ba, abin da ya tambaya kawai shi ne wa ya ce min don kyan ido ya saya.

Wani mai bibiya:
Shi kenan na sallama. Amma mu a bakinmu tirjiya muke cewa fa, da i.

Malamar Hausa:
Duka biyun ana faɗa, rubuta wadda ka tashi da ita. Ni yanzu lambar lodin mai faci ce ta tsaya min, ina ganin lambar ɗauka ta fi, tunda nauyin motar kanta ma yana ciki ba lodin baya kaɗai ba.

Mai faci:
Hajiya lodi dai. Wannan kam ba zan saki ba.