Muhawara: wai mai son aikin likita a waje dole a waje zai yi karatu?

Maman Ummi, Agege: Salamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ummi za ta cika fom ɗin JAMB, likitanci take so kuma burinta in ta gama ta fita aiki Ingila ko Saudiyya. Babanta ya ce UNILAG tunda ga kwalejin likitancinta a Idi-Araba nan kusa, ita tana cewa BUK, sai jiya baffanta ya zo yana cewa duk ɓata lokaci ne, wai digirin Najeriya ba ya fitar da mutum, mai son aiki a waje tun farko can zai yi karatun. Haka abin yake?

Alhaji, Mile 12: Wa alaikumus salam Hajiya. Baffanta ya yi gaskiya wallahi. Kwas ɗin shekara 6 ne a takarda amma ki tuna 2020 ASUU ta yi wata 9 tana yajin aiki, 2022 ta ƙara wata 8, yarinya ta shiga da ƙuruciyarta ta fito sa'o'inta duk sun yi aure. In akwai hali a kai ta Masar kawai

Likita, Ikeja: Alhaji maganar yajin aiki na yarda, ta cinye mana lokaci sosai. Amma cewa digirin gida ba ya fitar da mutum ba haka ba ne sam. 'Yan ajinmu nawa ne suke aiki a asibitocin Ingila yanzu, kuma a nan suka yi karatunsu kaf. Hukumar likitocin Ingila, GMC, abin da take dubawa shi ne makarantarka tana cikin kundin makarantun likitanci na duniya, World Directory of Medical Schools, a tantance takardunka, ka ci jarabawar Turanci IELTS da maki 7.5 ko OET, sannan ka rubuta jarabawar neman lasisi PLAB 1, ka je Manchester ka yi PLAB 2. Wanda ya gama a Alƙahira ma wannan layin zai bi, babu wata ƙofar baya da aka buɗe masa. Amurka kuma jarabawar USMLE ce, sai ka duba a wancan kundin ko hukumar ECFMG mai tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka ta sa bayaninta a ƙarƙashin sunan makarantar. Saudiyya jarabawar Prometric da tantancewar takardu ta kamfanin DataFlow, kuma galibi sai kana da shekarun aiki a hannu

Alhaji, Mile 12: To ai ka faɗa da bakinka layi ɗaya ne, gara wanda zai riga isa layin

Anti Hajiya, Obalende: Alhaji ka bar ni na yi magana a nan don ni abin a kaina ya faru. Ɗana yana aji 4 a Khartum yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Ina zaune a shago da waya a hannu ko ciniki ba na iya yi, ya kira ni daga bakin iyakar Masar murya ta dushe yana cewa Mama ruwan shanmu ya kusa ƙarewa, cajin wayar ma na aro ne. Alhamdulillahi ya dawo da jaka ɗaya, amma takardar sakamakonsa na shekarun nan samunta ya zama wani aiki, da muka nemi a mayar da shi wata jami'a a nan sai aka ce ya koma baya. 'Yan Ukraine ma haka a 2022, hukumar likitocin Najeriya, MDCN, ta fito ta ce ba za ta karɓi karatun likita da aka ƙarasa ta intanet ba. Kuma kuɗin makaranta da dala ake biya, duk mun ga yadda naira ta yi daga tsakiyar 2023. Ni ba na hana kowa, amma a daina nuna wa iyaye kamar waje babu nata yajin

Alhaji, Mile 12: Allah ya kiyaye gaba Hajiya, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Amma Masar ai ba yaƙi ake ba

Likita, Ikeja: Ba yaƙi ake ba Alhaji, sai dai akwai abin da mutane ba sa lissafawa. Wanda ya yi karatu a waje in ya dawo gida sai ya ci jarabawar MDCN kafin a ba shi lasisi ya fara hausjob, wato aikin shekara 1 na sabon likita, kuma ana faɗuwa jarabawar nan sosai. Ita kuma GMC kafin ta yi maka cikakkiyar rajista tana neman shaidar wannan shekarar. To yarinya ta gama can ba ta samu gurbin yi a can ba, ta dawo nan tana jiran jarabawa, ina shekarun da aka ce an rage

Malam, Alaba Rago: Ni inda kuka tsallake shi ne samun gurbin kansa. Jami'o'in tarayya kashi 45 ne na cancanta zalla, 35 na jihohin yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi. Kuma takardar asalin jiha ake dubawa, ba unguwar da aka haife ki ba. UNILAG yankinta jihohin Yarbawa ne, LASU kuwa ta jiha ce 'yan asalin Legas take fifitawa. Yarinyar da takardarta ta Kano ce ko Jigawa, a BUK tana cikin 'yan yanki, a nan kuwa ba ta ciki ko da a Agege aka yanke mata cibiya. Maman Ummi takardarta ta ina ce?

Maman Ummi, Agege: Ta Kano ce Malam

Malam, Alaba Rago: To ki gaya wa babanta yarinyar ta fi shi hangowa a wannan. AKTH, asibitin Aminu Kano da ɗaliban BUK suke koyon aiki, babban asibitin koyarwa ne, ga ABU da asibitinta na Shika, ga Danfodiyo a Sakkwato, duk sun daɗe suna yaye likitoci

Likita, Ikeja: Na goyi bayan Malam. Abin da zan ƙara, duk makarantar da za a sa, musamman sabbin masu zaman kansu da ake gudu can saboda yajin aiki, a shiga shafin MDCN a ga ko tana da cikakkiyar amincewa da kuma adadin ɗaliban da aka yarda ta ɗauka, don wasu suna ɗibar fiye da ƙima sai an kai ajin asibiti yara su maƙale. A kuma tambayi tsofaffin ɗalibai ko makarantar tana amsa wasiƙar tantancewa da wuri, wannan kaɗai yana iya zaunar da mutum wata da watanni

Baba Liman, Idi-Araba: Ni duk tun ɗazu ina karantawa raina ba daɗi. Yarinya ko JAMB ba ta rubuta ba ana shirya mata hanyar tafiya. A garinmu mace mai naƙuda sai an ɗora ta a mota an yi tafiya mai nisa kafin a ga likita, kuma matanmu likita mace suke nema ido rufe. Shi ya sa da ɗan majalisar wakilan nan daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudiri a 2023 cewa sai likita ya yi shekara 5 a gida kafin a ba shi cikakken lasisi ni ban ga laifinsa ba

Likita, Ikeja: Baba ina jin zafin da kake ji wallahi, amma likita ɗaya ya kwana kan marasa lafiya cike da ɗaki, safar hannu ma sai dangin majinyaci sun sayo, ba doka ce za ta riƙe shi ba. A gyara albashi da kayan aiki a gani ko za su tafi

Baba Liman, Idi-Araba: A gyara ɗin, ban ƙi ba. Amma Maman Ummi ki bar ta ta yi BUK ɗin, ta zauna cikin majinyatan Kano shekara 3 tana jin ciwonsu da Hausa, sannan a sake tambayarta maganar Ingila

Alhaji, Mile 12: Ni dai har yanzu ina kan bakana, nawa in ya kai Masar zan kai shi in Allah ya hore