Ciwon mara lokacin al'ada: da gaske motsa jiki na rage shi?

'Yar Angwan Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 19, ina ajin farko a Jami'ar Jos. Duk wata tun ana gobe al'adata za ta zo marata ke fara murɗawa, ranar farko kuwa sai kwanciya, ga amai ga ciwon baya. Laccar ƙarfe takwas a harabar jami'ar da ke Naraguta sai dai a ba ni labari. Gwaggona ta ce in yi haƙuri, aure ne maganinsa. Ƙawata kuma ta ce in riƙa motsa jiki. To ni da ko miƙewa ba na iyawa, wane tsalle zan yi?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu. Ƙawarki ta yi gaskiya, sai dai ba ranar ciwon ake farawa ba. Mahaifa na fitar da wani sinadari, prostaglandin, shi ke sa ta matse don jinin ya fita. In ya yi yawa matsewar sai ta yi ƙarfi, shi ne murɗawar da kike ji, shi ne kuma ke kawo aman, wasu har da gudawa.

A 2019 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta tattara binciken da aka yi a kan 'yan mata, ta ga motsa jiki na minti 45 zuwa 60, sau uku ko fiye a mako, na iya rage zafin sosai, ko mai sa gumi ne ko miƙe-miƙen jiki kawai. Ki ba shi wata biyu zuwa uku kafin ki yanke hukunci.

Ranar ciwon kuwa, ki durƙusa ki zauna a kan dugaduganki, ki kai goshi ƙasa, hannuwa a miƙe gaba, kina numfashi a hankali. Ki zuba ruwan zafi a gora, ki naɗe ta da zani ki ɗora a mara. Maganin rage zafi Ibuprofen na aiki in an sha da wuri, amma bayan cin abinci, kuma ban da mai olsa.

Maman Biyu, Rikkos:
Ki gaida Gwaggo. Ni dai da ciwona na tare gidan miji, sai da na haihu ya yi sauƙi. 'Yata igiyar tsallake na saya mata, tana yi a tsakar gida bayan asuba, duk sanyin nan na Jos. Ke ma ki riƙa sauka daga keke a Farin Gada ki ƙarasa makaranta da ƙafa, da sauri-sauri, ba tafiyar yanga ba.

Anti Nas:
Amma fa in ciwon ƙaruwa yake duk wata, ko yana zuwa ba lokacin al'ada ba, ko jinin ya yi yawa har da manyan gudaji, ko magani ya daina kama shi, kar ki tsaya a kan igiya. Ki je asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo ki ga likitan mata a duba, don endometriosis (tsirar nama irin na shimfiɗar mahaifa a wajen mahaifa) da ƙari a mahaifa ma haka suke zuwa.

'Yar Angwan Rogo:
Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Nawa ba ya wuce kwana biyu. Litinin zan fara sauka a Farin Gada in sha Allah. Maman Biyu, igiyar nan a kasuwar Terminus kika samu?