Mi za mu kira "bulle de filtre" da Hausa?

Salamu alaikum jama'a. Daren jiya a fadarmu nan Tawa gardama ta kai mu har shayi na ukku ya huce. Ɗan yayata ya haddace jawaban Ibrahim Traoré na Burkina Faso kamar karatun allo, duk daga TikTok, amma da na tambaye shi shekara nawa kundin Refondation, wato kundin mulkin Nijar na watan Maris 2025, ya ba gwamnatin Janar Tiani sai ya hau sosa ƙeya. Shekara 5 ne, kuma cikin kundin nan ne Hausa ta zama harshen ƙasa, shi ma wannan bai ji ba. Na amshi salularshi na yi ta turawa sama da yatsa, wallahi bidiyo bayan bidiyo duk maganar guda, don abin da ka tsaya ka kalla shi na'urar ke ƙaro maka, wanda ka tsallake ta daina kawowa. Wani Ba'amurke Eli Pariser ya raɗa ma abin suna a 2011, Faransawa suka ce bulle de filtre. Mu mi za mu ce?

Malamin lekol: Kumfar tacewa, in fassara kake so.

Haba Malam, ka ce ma tsohuwata kumfar tacewa ai sai ta miƙo maka sabulu da rariya.

Wata daga Yamai: Kawu mi ya hana kifin rijiya? Kowa ya san shi.

Na so shi ƙwarai ɗiyata, sai dai kifin rijiya sunan mutumin ne, ni kuwa wurin nake nema ma suna. Kuma kifi babu mai zaɓa mashi abinci. Nan akwai mai zaɓa, kuma da riba yake yi, iya daɗewarka kana kallo iya tallar da za a nuna maka, forfe ɗinka na ƙonewa.

Ba'adare: To ku ce akurki. Kaza na ciki, mai ita na watsa mata tsabar da ya ga tana ci, ita ko tana ganin duniya ke nan. Akurkin labari.

Malamin lekol: Kaza rufe ta ake yi. Mu da ƙafarmu muke shiga, kai ka danna, kai ka bi shafin, kai ka toshe wanda ya saɓa maka. Kuma gurup ɗin WhatsApp babu na'ura mai zaɓe, ƴan uwa ne ke turo vokal.

Gaskiyarka Malam, amma kaza ma in magariba ta yi da kanta take komawa, ba a korar ta. Ni dai akurkin labari ya zauna mani, na gwada shi yanzu ga ɗan yayar tawa, na ce kana cikin akurki, bai tambaye ni ma'ana ba sai ya ce ai ni ma rediyona tasha guda take kamawa tun yana goye. Na WhatsApp ɗin kuma a samo mashi nashi suna daban, Malam kai ka tado shi kai za ka kawo.