Ƙiba ce ke jefa matasa cikin ciwon damuwa, ko tsangwamar da ake yi musu?

Uwar Matashiya: Assalamu alaikum. 'Yata tana da shekara 14, kuma tun da jikinta ya fara cika 'yan ajinsu suka laƙa mata suna, har ta daina cin abinci a gaban mutane, ta kuma ƙaurace wa filin wasanni. Mahaifinta yana ganin da zarar ta rage nauyi komai zai wuce, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Shin ƙibar ce ke kawo ciwon damuwa, ko cin zalin?

Ma'aikaciyar Jinya: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abubuwan uku suna ciyar da juna ne, amma a ganina tsangwamar ce ta fi yin ɓarna. Yarinyar da ake yi wa dariya duk lokacin da ta yi gudu za ta daina motsa jiki, barcinta ya lalace, ta koma cin abinci a ɓoye domin ta huce takaici, nauyin ya ƙaru, masu zolayar kuma su sami sabon abin faɗa. Akwai ma matasan da nauyinsu daidai yake, amma da yake sun yarda cewa suna da ƙiba, damuwar tana kama su.

Malamin Sakandare: Rahoton hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, na 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya yana fuskantar cin zali a makaranta, kuma kamannin jiki ne dalilin da ɗalibai suka fi ambata. Ramammun yara maza ma ba su tsira ba. Hajiya, ki sanar da shugaban makarantar a rubuce, ki kuma duba wayarta, domin yanzu zolayar tana bin yaro har cikin ɗakinsa.

Baban Yara: Amma kada a manta ƙiba tana da nata haɗarin, kamar ciwon sukari da hawan jini.

Ma'aikaciyar Jinya: Gaskiya ne, Malam, sai dai kunyatarwa ba ta rage wa kowa nauyi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana a 2017 cewa ƙyamar masu ƙiba tana ƙara matsalar ne, kuma abin da ya fi damuna shi ne sau da yawa daga gida ake fara gorin, da sunan wasa ko nasiha. A gyara cin abinci da motsa jiki na iyali gaba ɗaya, ba tare da an ware ta ba. Idan baƙin ciki, saurin fushi ko rashin sha'awar komai ya kai mako biyu, ku kai ta wurin likita. Idan kuwa ta ambaci mutuwa ko cutar da kanta, a ranar za ku kai ta.