Sun ce za su bar LGPL su koma MIT, in sa hannu?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Akwai wani laburaren karanta fayilolin sauti (wato kod da masu rubuta manhaja ke sakawa cikin manhajojinsu) da na taɓa tura wa ɗan gyara. Yanzu masu kula da shi sun aiko cewa za su bar lasisin LGPL (mai tilasta wa wanda ya raba laburaren ya buɗe gyaran da ya yi masa) su koma MIT (wanda bai tilasta hakan ba), suna neman amincewar duk wanda ya sa hannu a kod ɗin. Ni damuwata, kamfani ya kwashi guminmu ya rufe ya sayar, ko na gode babu. Me ke sa ake wannan sauyin?

Malam Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, laburare dai so yake a yi amfani da shi. LGPL ya yarda a saka shi cikin manhajar kuɗi, amma da sharaɗin mai amfani ya iya cire shi ya maye gurbinsa da nasa. A kwamfuta wannan mai sauƙi ne. A iPhone kuwa, ko a yaren rubuta manhaja na Go da ake dunƙule komai cikin fayil ɗaya, ciwon kai ne, lauyoyin kamfani sai su ce a nemi wani kawai. Ka tuna a 2011 an cire manhajar kallon bidiyo ta VLC daga App Store, kasuwar manhajojin iPhone, saboda rikicin GPL, lasisin da ya fi LGPL tsauri.

Misalin da ya fi burge ni shi ne Ogg Vorbis, wani tsarin matse fayilolin sauti. A 2001 suka bar LGPL suka koma BSD, lasisi mai sassauci irin na MIT, don masu ƙera na'urori su ɗauka, a rage ƙarfin MP3 mai haƙƙin mallaka a lokacin. Richard Stallman da kansa, uban GPL, ya goyi bayan hakan. Mono ma, wani dandalin rubuta manhaja, ya koma MIT a 2016 bayan Microsoft ta sayi Xamarin, kamfanin da ke kula da shi a lokacin.

Hajiya Linux:
Malam, gaskiya ne, amma tsoron ƙanena ba na banza ba ne. Wine, mai ba da damar amfani da manhajojin Windows a Linux, baya ya yi: a 2002 ya bar lasisi irin na MIT ya koma LGPL, saboda ana ɗiban aikinsu ba a dawo da gyara. Kai ke da haƙƙin layukanka, kana iya ƙi. Sai dai ka sani, in ka ƙi, cire su za su yi su sake rubutawa. Ka tambaye su ko sun duba lasisin MPL 2.0. Shi fayil-fayil yake kamawa: wanda ya gyara fayilinka dole ya buɗe gyaran, sauran manhajarsa kuma tasa ce.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan kawo musu maganar MPL a zaren tattaunawarsu yau, in ji amsarsu kafin in sa hannu.