Ta ina sabon matuƙi zai fara yaƙi da sauran 'yan wasa a EVE Online?

Baƙon Taurari ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a EVE Online, wasan intanet na jiragen sararin samaniya, musamman waɗanda suka saba gwabzawa da mutane irinsu, ba da jiragen da kwamfuta ke tuƙawa ba. Tun da na shiga wasan ban taɓa fita daga haisek ba, wato yankin da ke da tsaro sosai, inda nake haƙar ma'adinai da yi wa wakilai aike, kuma na tara ISK, kuɗin wasan, daidai gwargwado. Amma abin da ya ja ni zuwa wasan tun farko shi ne labarin yaƙe-yaƙensa, irin na B-R5RB da aka yi a watan Janairun 2014, wanda aka ragargaza manyan jiragen Titan 75 a cikinsa, ni kuwa har yau ko ƙaramin jirgin wani ban taɓa harbi ba.

Abin da ke riƙe ni shi ne sanin cewa jirgin da aka fasa ya tafi ke nan, tare da duk abin da aka ɗora masa, ga shi kuma akwai waɗanda suke wasan tun 2003, ƙwarewar da wasan ke ƙirga musu tana ta taruwa ko suna barci. Shin in dakata har ƙwarewata ta yi kauri, ko in fara yanzu? Wane jirgi ya dace da mai asusun Alpha, wato na kyauta, irina? Kuma ya fi kyau in fita ni kaɗai ko in nemi ƙungiya? Na gode.

Dogon Zango ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, barka da zuwa. Kada ka dakata. Ƙwarewar da wasan ke ƙirga maka tana ƙara wa bindigarka ƙarfi ne kaɗan-kaɗan, amma ba za ta koya wa hannunka daina rawa ba lokacin da wani ya sauka kusa da kai, kuma wannan rawar hannu ita ce ke kashe sabon matuƙi kafin bambancin ƙwarewa ya kashe shi. Sannan ka lura cewa kowace ƙwarewa a mataki na biyar take tsayawa. Wanda ya shekara goma yana wasa ya iya tuƙa jirage masu yawa, amma a cikin firiget ɗaya, wato ƙaramin jirgin yaƙi, ƙwarewar da ke yi masa aiki 'yar kaɗan ce, kuma za ka iya matsowa kusa da shi a kanta cikin lokacin da bai kai yadda kake tsammani ba.

Shawarata ita ce ka zaɓi firiget ɗaya na matakin farko, ka sayi guda goma ko ashirin lokaci ɗaya, ka yi musu haɗin makamai da na'urori iri ɗaya, ka ajiye su a tashar da ke bakin losek, wato yankin da tsaronsa ke da rauni. Ka ɗauka a ranka cewa dukkansu asararru ne tun daga ranar da ka saye su. Amfanin sayen su a dunƙule shi ne, idan aka fasa ɗaya ba sai ka yi doguwar tafiya zuwa Jita, babbar kasuwar wasan, ba, cikin 'yan mintuna ka hau wani ka koma fagen, alhali abin da ya faru bai gushe daga kanka ba. Kowanne ka yi masa inshora mafi girma kafin ka fito da shi, domin tana mayar da kaso mai tsoka na kuɗin gangar jikin jirgin, ko da yake ba ta biyan kayan da aka ɗora.

Game da zaɓi, kowace daula tana da nata mai kyau. Rifter na Minmatar yana da gudu kuma bindigoginsa ba sa shan wutar jirgi. Merlin na Caldari yana da garkuwa mai tauri. Incursus na Gallente ya ƙware wajen gyara sulkensa ana tsakiyar faɗa, Tristan kuma da ƙananan jirage marasa matuƙa yake yaƙi, wanda ya sa yake da sauƙi ga sabo. Punisher na Amarr yana da sulke mai kauri, sai dai gurabensa na tsakiya, inda ake ɗora na'urorin kamu, biyu ne kawai, don haka riƙe abokin gāba yana yi masa wuya.

Abin da ba za ka fita babu shi ba shi ne na'urar da ke hana jirgin abokin gāba yin wap, wato tsallen da ke kai jirgi nesa nan take, ya tsere. Iri biyu ce. Disirafta tana kamu daga nisan kilomita 20 zuwa 24, sikiram kuma ba ta wuce kilomita 9 ko ƙasa da haka, amma ita tana da ƙarin aiki, domin tana kashe maikurowap, injin ƙara gudu, na wanda ta kama, sai gudunsa ya faɗi nan take. Injin aftabana bai kai maikurowap gudu ba, amma sikiram ba ta kashe shi. Sai web, wadda ke rage gudun jirgi da rabi ko fiye a cikin kilomita 10. Kusan duk faɗan firiget a kan waɗannan alƙaluma yake juyawa: mai dogon harbi yana son ya tsaya a wajen kilomita 10 yana zagaya ka, mai gajeren harbi yana son ya manne maka. Wanda ya tilasta wa ɗan'uwansa yin faɗa a nisan da shi ya zaɓa, galibi shi ne ke komawa gida da jirginsa.

Wurin farawa kuwa, ni ina ganin yaƙin dauloli ya fi, inda Amarr ke karawa da Minmatar, Caldari kuma da Gallente. A can akwai ƙananan filaye masu ƙofa da ba ta barin manyan jirage su shiga, saboda haka wanda zai zo maka a ciki mai ƙaramin jirgi ne kamarka.

Zara ta rubuta:

Malam Dogon Zango ya faɗi gaskiya a kan rashin jira da kuma jirage masu araha, amma ina da ja a kan fita shi kaɗai tun daga farko. Waɗancan ƙananan filaye cike suke da mutanen da ba su da wani aiki sai faɗan mutum ɗaya da ɗaya, kuma sabo kan mutu a hannunsu cikin daƙiƙa ashirin ko talatin ba tare da ya fahimci abin da ya same shi ba. Asarar da mutum bai gane dalilinta ba, ba ta koya masa komai, sai dai ta sanyaya masa gwiwa. Na ga mutane masu himma da suka bar yaƙi gaba ɗaya saboda haka.

Ni da zan ba ka shawara, ɗan'uwa, sai in ce ka fara shiga ƙungiyar da ke koyar da sababbi. EVE University tana wannan aiki tun 2004, akwai kuma Brave Newbies, da wasunsu, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi suna ba da ƙananan jirage kyauta ko su mayar wa mutum abin da ya rasa a fitar runduna. A cikin runduna sabo yana da aiki na gaske tun makonsa na farko, wato kamu. Kana cikin ƙaramin jirgi mai gudu irin Atron ko Slasher ko Condor ko Executioner, kwamanda ya kira sunan jirgin da ake so, ka ruga ka ɗora masa disirafta, ka sanar da baki cewa ka kama, sannan ka yi ta zagaya shi har manyan jirage su iso. Jirgin da ya ninka naka tsada sau ɗari yana iya faɗuwa saboda kai ka hana shi gudu, kuma a lokaci guda kana jin yadda kwamanda ke yanke shawara, yaushe ake shiga, yaushe ake janyewa.

Akwai kuma abubuwan tsira da nake ganin sun riga koyon harbi. Na farko shi ne disikan, na'urar da ke nuna maka jiragen da ke kewaye da kai har nisan da ya ninka tazarar duniya da rana sau 14 da ɗoriya. Ka saba da danna ta kowane 'yan daƙiƙu har ya zama ba ka tunani kafin ka yi. Na biyu shi ne jerin sunayen da ke lokal, wato zauren hirar yankin da kake ciki: idan kana kai kaɗai da mutum ɗaya, sai kwatsam sunaye takwas na ƙungiyarsa suka bayyana, to wancan ɗayan tarko ne, ka bar wurin. A cikin ramukan sarari, wato ɓoyayyun yankunan da ake kira wormhole, wannan jeri ba ya nuna kowa sai wanda ya yi magana, shi ya sa ba can ake fara koyo ba.

Na uku shi ne fitar da kwanso, wato ɗan akwatin da matuƙi ke zaune a ciki a cikin jirgi. Da zarar ka ga sulke ya ƙare, jikin jirgi ya fara raguwa, ka daina kallon abokin gāba, ka zaɓi wata duniya ko rana a allonka, ka yi ta danna wap ba ƙaƙƙautawa. Jirgin ba zai tafi ba tunda an riƙe shi, amma yana fashewa kwanson zai karɓi umarnin ya wuce. A losek wannan yana cetonka kusan kullum, domin ba a kafa kumfar da ke hana wap a can kamar yadda ake yi a nalsek, yankin da babu tsaro sam, da ramukan sarari. Ka kuma riƙe lokuta biyu a ka: bayan ka tsallaka ƙofar da ke haɗa yanki da yanki kana ɓoye na daƙiƙa 60 muddin ba ka motsa ba, ka yi amfani da su ka duba waɗanda ke wurin cikin natsuwa; bayan ka yi harbi kuma, sai daƙiƙa 60 sun cika kafin ƙofa ko tasha ta karɓe ka.

Mai Rifter ya rubuta:

Malama Zara da Malam Dogon Zango duk suna kan hanya, kuma babu abin da zai hana a haɗa biyun, runduna idan an kira fita, kai kaɗai idan babu. Ni abin da zan ƙara shi ne abin da ake yi bayan faɗa, domin a nan ne ake bambanta wanda ke ci gaba da wanda ke maimaita asara ɗaya. Ka riƙa ɗaukar bidiyon kowane faɗa. Idan ka kalla daga baya za ka ga abin da idonka bai gani ba a lokacin: web ɗin da ba ka kunna ba, ko harsashin dogon zango da ka bari a bindiga alhali kuna manne da juna, ko kuma ka danna kusantar abokin gāba kai tsaye, wanda shi ne ya miƙa ka ga bindigarsa. Bindiga tana wahalar bin jirgin da ke gilmawa ta gefe da sauri, amma wanda ya taho mata a miƙe ba ta kuskurensa, ko da babba ce.

Sannan ka buɗe rahoton kisan, ka duba jirgin wanda ya kashe ka a shafin zKillboard, inda ake tara rahotannin kisa, ka ga irin haɗin da ya saba yi. Mafi amfani ma, ka yi masa magana cikin ladabi ka tambaye shi inda ka gaza. Za ka yi mamakin yawan waɗanda za su tsaya su yi maka bayani dalla-dalla. Ka kuma gaggauta koyon ƙwarewar Thermodynamics, wadda ke ba ka damar ƙure na'ura ta yi aiki fiye da ƙa'idarta na ɗan lokaci. Sikiram da aka ƙure tana ƙara tsawon kamu, bindiga tana ƙara ɓarna, amma idan ka bar su a haka suka ƙone, sun daina aiki har sai an gyara.

Gargaɗi ɗaya game da yaƙin dauloli: yana da farashi. Matsayinka a wurin daular da kake yaƙa zai yi ƙasa, sojojinta za su bi ka idan ka shiga haisek ɗinta, kuma mayaƙan ɗaya ɓangaren suna da izinin harbinka ko'ina ba tare da CONCORD, rundunar 'yan sandan wasan, ta sa baki ba. Wanda ya shiga ɓangaren Gallente, alal misali, zuwa Jita zai zame masa aiki, tunda a ƙasar Caldari take.

Baƙon Taurari ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, kun cire mini nauyi. Na yanke shawarar ɗaukar Rifter, in shiga ɓangaren Minmatar, in kuma nemi ƙungiya kamar yadda Malama Zara ta ce. Saura tambaya biyu. Ina da dashe, wato na'urorin da aka dasa a kan matuƙina masu ƙara saurin koyon ƙwarewa, ba na son in rasa su. Sannan idan na haɗu da wanda ba ya cikin yaƙin dauloli a losek, ya halatta in fara harbinsa?

Zara ta rubuta:

Dashe yana tafiya ne idan aka fasa kwanso, ba jirgi ba. Ka koyi ƙwarewar Infomorph Psychology, ka ajiye wani jikin da babu dashe a kansa, ka koma cikinsa kafin ka fita yaƙi, amma ka sani akan jira kimanin sa'o'i 24 tsakanin sauyi ɗaya da wani, don haka ka tsara kwanakinka. Ka kuma mayar da tasharka ta gida kusa da inda ka ajiye jiragenka, domin a can za ka farka idan aka fasa kwanson. Idan kana da kaya a ƙasar Amarr, ka kwashe su kafin ka sa hannu a shiga yaƙin, kuma kasuwannin Hek da Rens za su wadatar da kai da yawancin abin da Rifter ke buƙata.

Game da harbin wanda ba ruwansa da yaƙinku, CONCORD ba ta zuwa losek, amma za a ɗora maka alamar wanda ake zargi na minti 15, wadda ke ba kowa izinin harbinka, kuma matsayinka na tsaro zai ragu. Idan a bakin ƙofa ko tasha ka yi, bindigogin wurin za su buɗe maka wuta, firiget kuwa ba ya jure su. Fasa kwanson irin wannan mutum yana rage matsayin fiye da fasa jirginsa nesa ba kusa ba, kuma wanda ya kai -5 kowa na iya harbinsa a haisek. Wasan ba zai bar ka ka fara harbin ba muddin maɓallin kariyarka yana kan kore, sai ka mayar da shi rawaya, kuma gara ka yi hakan tun kana cikin tasha.