Ƙofar bene ta buɗe da kanta, ko baƙo ya danna lambar sirri?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar ta shafi masu zama a benayen haya na Toronto da kewaye, inda intakom ɗin bakin ƙofa ke kiran wayarka ka danna 9 ƙofa ta buɗe. In za a zaɓi manhajar da za ta riƙa amsa kiran nan, a ɗauki mai buɗewa da kanta a cikin lokacin da ka ƙayyade, a rabu da mai tambayar baƙo lambar sirri. Tushensu ɗaya ne: manhaja ta ba ka lambar waya, ka kai wa manajan gini ya saka a madadin taka, duk wanda ya danna lambar ɗakinka a allon intakom sai kiran ya faɗa wurin kwamfutarsu. Mai lokaci tana ɗauka ta saki sautin 9, shi ke nan. Ka kunna mata minti 30 lokacin da mai kawo abinci ya taso, lokaci na cika ta koma turo kira wayarka. Mai lambar sirri kuwa matakanta sun yi yawa, kowane mataki kuma wurin lalacewa ne.

Maman Amira: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, ban yarda ba. A cikin minti 30 ɗin nan kwamfuta ba ta san wa ke tsaye a ƙofa ba. Masu satar kaya a zaure suna bin jerin sunaye ne suna dannawa ɗaya bayan ɗaya har wani ya buɗe. Kai kuma ka ajiye musu wanda zai buɗe ba tambaya. Ƙofar nan ba taka ce kai kaɗai ba, ta gida ɗari ce ko fiye. Kuma alluna da yawa suna ajiye tarihin lambar ɗakin da ta buɗe da ƙarfe nawa. Ranar da aka yi ɓarna, manaja zai haɗa tarihin da hoton kyamara, sunanka ne zai fito.

Injiniya: Hajiya, damuwarki gaskiya ce, sai dai lambar sirri ba a kowane gini take aiki ba, kuma dalilin na cikin ƙirar allon. Sautin da ke buɗe ƙofa, DTMF, haɗin sauti biyu ne. Na 9 shi ne 852 da 1477 Hz, na 6 kuma 770 da 1477. Allo yana sauraron layi, in ya ji sautin da aka saita masa sai ya ja rile, wato makunnin da ke cikinsa, makullin lantarki ya saki na 'yan daƙiƙoƙi. To da maɓallan allon suna fitar da sauti a tsakiyar kira, ai baƙo zai danna 9 da hannunsa ya shige. Shi ya sa masu ƙera su da yawa suke kashe maɓallan da zarar kira ya haɗu, wasu su toshe lambar buɗewa kaɗai, wasu kuma danna maɓalli yana yanke kiran ne. A irin wannan allon, manhaja za ta ce "saka lambarka", baƙo ya danna har ya gaji, babu abin da ya isa wurinta.

Maman Amira: Ai akwai masu karɓar kalmar sirri da baki.

Injiniya: Akwai. Amma makirufon allo yana bakin titi, ga ƙarar bas, ga iskar hunturu, ga direban da Ingilishinsa ba irin wanda kwamfuta ta saba ji ba ne. Sannan allo yana da iyakar lokacin magana, sau da yawa kusan minti ɗaya. Gaisuwar manhaja ta ci daƙiƙa 10, kuskure biyu su ci 30, kafin ta haƙura ta turo maka kiran allo ya yanke.

Kawu na Brampton: Ku dakata, kun fara gini ba ku duba ƙasa ba. Kafin a yi zancen manhaja, a tambayi manaja wane irin allo ne. Akwai mai buga lambar waya ta layinsa, wannan shi ne manhaja ke iya kamawa. Akwai kuma tsohon tsari da aka ɗaure kai tsaye da wayoyin tarho na cikin gini, wanda ake ce wa NSL. Shi ba ya buga lambar kowa, soket ɗin tarhon bangon ɗakinka yake kaɗawa. A nan duk manhajar da ka biya wa kuɗi asara ce, sai dai na'urar da za a soka a soket ɗin. Tambaya ta biyu, allon yana iya kiran nesa? Da yawa lamba 10 kawai suke bugawa a layin da ba a buɗe masa kiran nesa ba. In ginin yana yankin lambar 416 ko 647 ta Toronto, manhaja ta ba ka lambar Vancouver ko ta Amurka, kiran ba zai fita ba. Manhajar da ba ta bari ka zaɓi lambar yankinka, a wuce ta.

Baban Khalifa: Kawu kun yi gaskiya, wannan shi ne farko. Hajiya kuma, a duba abin da mutane ke yi in lambar sirri ta ƙi aiki. Wasu suna naɗar sautin 9 a gaisuwar saƙon muryarsu, duk kiran da ba a ɗauka ba ƙofa ta buɗe, dare da rana. Minti 30 da ke rufe kansa ya fi wannan nesa ba kusa ba. Ita ma lambar sirrin, da zarar ka rubuta ta a bayanin oda, ta shiga hannun duk direban da zai zo maka nan gaba.

Maman Amira: Kada a auna abu da mafi muninsa. Lambar da ake amfani da ita sau ɗaya ta mutu tana nan, ita nake nufi. In kuma allon gini ba ya wuce da sautin maɓalli, to na fi yarda da manhajar da za ta kaɗa wayoyin 'yan gida duka a lokaci guda, wanda ya fara ɗauka ya ji murya ya danna. Matsalar yawancin mutane ke nan tun farko: allo lamba ɗaya yake karɓa, maigida yana wurin aiki ko cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, uwargida tana ɗaki ba ta san ana bugawa ba.

Injiniya: Wannan tsarin yana da tarko ɗaya da ya kamata a gwada. In ɗaya daga cikin wayoyin tana kashe, akwatin saƙon muryarta ne zai amsa nan take, kwamfuta ta ɗauka an ɗauki kira, sauran wayoyin su daina kaɗawa. Baƙo na tsaye yana jin "bar saƙo". Manhaja mai kyau tana sa mai ɗauka ya danna wata lamba tukuna kafin ta haɗa shi da ƙofa. Masu Google Voice (lambar waya ta intanet daga Google) a Amurka su kuma su kashe tantance mai kira, domin yana tambayar mai kira sunansa, lokacin allo na tafiya. Kuma Google Voice tura kira kawai yake yi, ba ya danna maka 9. Na kyauta ɗin ma ba a ba da shi a Kanada.

Ɗan Agadas: Mu na Jamus abin ya sha bamban, kada wani ya biya kuɗin manhajar lambar waya a nan. Intakom ɗinmu waya ce a bango, irin ta kamfanonin Siedle da Ritto, ba ta kiran layin tarho. Sai an buɗe murfinta an haɗa ƙaramar na'ura da wayoyin ciki, kamar Nuki Opener na kamfanin Nuki da ke birnin Graz a Ostiriya, ko Ring Intercom. A duba lambar samfurin da ke jikin wayar a jerin waɗanda na'urar ta dace da su kafin a saya, musamman tsarin waya biyu da duk gini ke rabawa, domin kuskuren haɗi ɗaya kan iya kashe ƙararrawar maƙwabta. A nemi izinin mai gida. Amma muhawarar ɗaya ce: Nuki ma yana da tsarin buɗewa da zarar an danna ƙararrawa.

Baban Khalifa: To ga matsayata bayan duk wannan. Minti 15 maimakon 30, ya rufe bayan buɗewa ɗaya, kuma wayata ta sami sanarwa duk lokacin da ya buɗe. Hajiya, a haka ma?

Maman Amira: Rufewa bayan buɗewa ɗaya ya rage abin sosai, na yarda. Da rana, ga mai kawo abincin da kake ganin motarsa a taswira, ba laifi. Amma masu kawo kunshi da ke cewa tsakanin ƙarfe 9 na safe da 8 na dare fa? Nan ne mutane ke miƙa minti 15 ya koma wuni guda. Ɗan wasiƙa na Canada Post yana da makullinsa a jikin allo, Amazon kuma suna da na'urar da manaja zai iya sa musu. Sauran su kira, a ji muryarsu.

Injiniya: Duk wanda aka zaɓa, a gwada shi da mutum biyu kafin a sake jiki, ɗaya a ƙasa ɗaya a ɗaki. In an ji sautin amma ƙofa ba ta saki ba, yawanci ya fito da wuri ne kafin allo ya fara sauraro, ko ya yi gajarta. A nemi manhajar da ke bari a sa jinkirin daƙiƙa ɗaya ko biyu, a maimaita sautin sau uku. Masu haɗa nasu tsarin da Twilio, dandalin sarrafa kiran waya ta intanet, harafin w a jerin lambobin yana ba da jinkirin rabin daƙiƙa, sai a rubuta ww999. A ginin da lif ɗinsa ke kulle, a hau a tabbatar ya buɗe hawan ɗakin, ba ƙofar zaure kaɗai ba.

Kawu na Brampton: A kuma tambayi kamfanin abin da ke faruwa in kwamfutarsu ta faɗi ko katin biyanka ya ƙare. In amsar ba "kira zai wuce wayarka kai tsaye" ba ce, lambar ɗakinka ta mutu a allo ke nan, kuma wasu manajojin sai an cike takarda an jira kwanaki, wasu har da kuɗi, kafin su mayar da tsohuwar lambar.